Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina Yayin Ziyararsa Zaurenmu na Zane-zanen Zamani a Bauchi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai Girma Kwamishina, wakilan masarauta, malamanmu, iyaye mata da maza, 'yan jarida, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin da ke kula da wannan zaure muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Ayyukanka ba sa bukatar mai shela, kowa ya gani, kuma ba don faɗinsu muka taru ba. Yadda ka ture tarurruka ka zo ka zauna kan kujerar roba tare da masu fenti a farce ya ishe mu shaida.

Kafin mu ce komai, muna roƙonka ka ɗaga kai ka dubi silin. Wannan baƙin tabon da ke bisa kanka ba ya cikin zanen da muka baje, aikin daminar bara ne. Rufin nan yoyo yake yi, kuma shi ne babban kukanmu yau.

Zane ba baƙo ba ne a ƙasar Bauchin Yakubu. Tun kafin Malam Yakubu ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa garin nan a 1809, akwai waɗanda suka zana shanu da namun daji da jan launi a jikin duwatsun Geji da Shira, da Shadawanka nan kusa da gari. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, a ƙasarmu ya tsayar da soron Kafin Madaki, kuma tun 1956 gwamnati ta sa ginin cikin kayan tarihin ƙasa. Ga masu zayyanar Alƙur'ani, ga maɗinka hula, ga matan da ke ƙona ado a bayan ƙwarya. Amma abin takaici, Bature daga Ingila ya fi ɗan Jahun ko ɗan Wunti sanin hanyar Geji. Baƙo zai zo ya kwana Yankari, ya yi wanka a ruwan Wikki, ya tsaya kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya wuce bai ga aikin ko mai zane ɗaya mai rai ba. Matasanmu da suka karanta zane a manyan makarantu sai sun naɗe aikinsu sun hau mota zuwa Abuja ko Legas kafin a taya. A can a yaba, a nan a ce musu masu rubutun allon shago. Shekara hamsin ke nan ko kusa da haka da samun jiha a 1976, bai kamata a ce har yau haka muke ba.

Wannan ne ya sa muka haɗa kuɗi-kuɗi muka buɗe zauren nan. Duk ranar Asabar da hantsi iyaye kan zo da 'ya'yansu, mu shimfiɗa tabarmi, mu raba takarda da gawayi da yumɓu. Sharaɗinmu ɗaya ne: uba ba zai ajiye yaro ya tafi majalisa ba, sai ya zauna an yi da shi. Da ka ga wani alhaji ya naɗe hannun babbar riga, yumɓu har gwiwar hannu, 'yarsa tana gyara masa bakin tukunya tana cewa "Baba, ba haka ba ne", da ka san wahalarmu ba ta faɗi banza ba. Mukan nuna wa yaran naira ashirin, su ga Ladi Kwali a jiki, su gane cewa ginin tukunya ya kai mace inda hoton manya yake. Iyayen da ke ɗari-ɗari da zana mai rai ba ma musu da su, akwai dagi da zayyana da rinin baba, kowa da abin da ransa ya natsu da shi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Bayan nan sai zagaye. Ɗaya daga cikin masu zanen kan ja ayari bango-bango, ba ya karanta musu lacca, tambayarsu yake yi abin da suka gani. Aikin da aka haɗa da marafan kwalba da ledar ruwa da ƙyallayen atamfa, wanda babba zai kalla ya ce shara ce, yara ne ke fara gano cewa kasuwar Muda Lawal ce da yamma.

To ranka ya daɗe, duk wannan a ƙarƙashin rufin nan ake yinsa. A watan Agustan bara bokitai muka jera tsakanin hotuna. Wata zayyana da mai ita ya yi watanni a kanta, dare ɗaya tawadar ta narke ta gangaro. Tun daga nan wasu masu zane suka daina ba mu aron aikinsu, kuma ba mu ga laifinsu ba. Manyan baƙi sun zo kafinka, sun ga tabon, sun girgiza kai, sun sa hannu a littafin baƙi. Littafin ma sai da muka shanya shi.

Muna da sauran bukatu: motar da za ta riƙa ɗauko 'yan makarantun gwamnati, wata rana ma ta kai su Geji, da fitilun sola, da kayan fenti. Waɗannan za su iya jira. Kwano da katako da ladan kafinta ba za su jira ba, domin da zarar hadarin Mayu ya haɗo sai mu sauke hotuna mu sallami yara. Takardar ƙiyasin kuɗin aikin tana maƙale da kwafin jawabin nan da za mu miƙa maka hannu da hannu, ba ta hannun kowa ba.

Yanzu yaran za su zagaya da kai da kansu, kuma sun tanadar maka ƙwarya da suka yi wa ado. Allah ya ƙara girma, ya maida kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.

Shugaban kwamiti, a madadin masu zane da iyayen yara.