Lacca: Abin da ya kashe mujallun ƙawata gida a Amurka

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Yau Amurka za mu leƙa, tsakanin 2007 da 2009, lokacin da mujallun ƙawata gida suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mujallu ne da ke shiga gidajen mutane su ɗauko hoton falo da labule da fentin bango. Kun san yadda mata ke zuwa ganin jeren amarya su dawo da salo a ka? To haka abin yake, sai dai wannan jeren a takarda yake zuwa.

House & Garden ta Amurka tun 1901 aka kafa ta, amma a Nuwamban 2007 kamfanin Condé Nast ya ce ya rufe ta. Blueprint ta Martha Stewart, shahararriyar mai shirin girki da gyaran gida a talabijin, ta bi bayanta. A 2008 Cottage Living da O at Home suka tafi, a ƙarshen 2009 kuma Metropolitan Home.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Domino. A 2005 ta fito, Deborah Needleman ce editarta. Ba fadar attajirai kaɗai take nunawa ba. Za ta nuna ɗakin matashiya mai zaman haya, ta haɗa kujera mai tsada da fitila mai araha, ta faɗi shagon da farashin. Har 'yan takardun liƙawa take sakawa a ciki, don mai karatu ya yi wa shafin da ya burge shi alama. A Janairun 2009 aka rufe ta, alhali kowace fitowa tana kaiwa kwafi sama da 800,000.

Ku riƙe wannan, musamman ku masu karatun jarida: ba rashin masu karatu ne ya kashe ta ba. Kuɗin da mai karatu ke biya bai isa ya ɗauki takarda da ɗab'i da mai hoto da kuɗin aikawa ba. Masu talla ne ke ciyar da mujallar, wato masu sayar da kujeru da fenti da darduma. Sai kasuwar gidaje ta rushe, mutane suka kasa biyan bashin gida, bankuna suka shiga ƙwacewa, bankin Lehman Brothers kansa ya durƙushe a Satumban 2008. Wanda aka ƙwace wa gida, ina shi ina sabon labule? Mai labulen kuwa da bai yi ciniki ba, da me zai sayi shafin talla?

Abin da ya fi ba ni takaici, ba wanda ya tambayi masu karatun nan ko za su ƙara kuɗi mujallarsu ta rayu. Labarin rufewa kawai suka ji.

Daga baya Michelle Adams, tsohuwar ma'aikaciyar Domino, ta haɗa kai da wani mai ɗaukar hoto suka buɗe mujallar Lonny a intanet a 2009, Pinterest, shafin intanet na tara hotuna, ya zo a 2010, Domino kanta aka farfaɗo da ita a 2013 tana sayar da kayan da take nunawa. Wannan ɓangaren na talla da ciniki a intanet shi za mu ɗauka bayan sallar la'asar, in Allah ya yarda.