Jirgin da aka ɗinka da igiya: lacca kan ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, iyayenmu kafintoci da suka baro rumfunansu suka zo, da ku ɗalibai, barkanmu da yamma. An ce in yi bayani a kan ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako, irin masu tafiya da iska, waɗanda mutum ke zama a ɗakinsa yana haɗawa don sha'awa. Na san wasunku suna cewa a ransu, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da jirgin filafili? Ku ba ni aron kunnuwanku, za mu zo wurin.

Aikin nan tsoho ne ƙwarai. A shekarar 1920 an buɗe kabarin wani babban bafade mai suna Meketre kusa da Luksor a Masar, aka tarar da ƙananan jiragen katako da aka sassaƙa kusan shekara 4,000 da suka wuce, yau wasu suna Alƙahira wasu suna New York. A ƙarni na 17 masu ƙera jiragen yaƙin Ingila sun riƙa yin ƙaramin samfuri na jirgi, yawanci kashi ɗaya cikin 48 na girmansa, har yau masana suna komawa kansu don su ga yadda aka gina jiragen da tuni suka ruɓe. Fursunonin yaƙin Faransa kuma da aka tsare a Ingila zamanin Napoleon, da ƙasusuwan naman da ake ba su suka riƙa yin nasu suna sayarwa. Yanzu a Turai da Amurka akwai kamfanonin da ke sayar da jirgi a kwali, an yanka komai an haɗa da zane, kai dai ka harhaɗa. Mafi yawansu jiragen Turawa ne, irin su Victory da aka sa a ruwa a 1765 da Cutty Sark na 1869. Suna da kyau, amma tsadarsu da kuɗin kawo su nan sun fi ƙarfin ɗalibi. Shi ya sa yau zan yi magana a kan wani jirgi dabam, wanda za ka iya yi da abin da ke kasuwar 'yan katako.

A 1998 wasu masunta masu nutso a gabar tsibirin Belitung na ƙasar Indunusiya suka ci karo da tarin tangaran a ƙasan teku. Da masana suka tono, sai ga kaya kusan 60,000, yawancinsu kwanonin ƙasar Sin na zamanin daular Tang, ɗaya daga cikinsu ma an rubuta masa kwanan wata da ya yi daidai da shekarar 826. Wato zamanin Abbasiyawa ke nan a Bagadaza. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masanan shi ne jirgin da kansa. Ginin Larabawa ne, kuma ba da ƙusa aka haɗa shi ba. An huda gefen kowane katako, an ɗinka shi da na kusa da shi da igiya. Duk wanda ya taɓa ganin gyartai yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya ya san abin da nake nufi, sai dai wannan ƙwaryar ta ɗauko kaya daga Sin ta nufi yamma da su.

Da aka gwada itacen, sai aka gano mafi yawansa daga Afirka ya fito, kuma nau'in da muke kira kawo ne. Eh, kawon da kuka sani. Saboda haka lokacin da gwamnatocin Oman da Singafo suka shirya sake gina irin wannan jirgi a 2008, a wani ƙauyen bakin teku mai suna Ƙantab kusa da Maskat, daga Gana aka kai musu kawon. Suka ɗinka shi da igiyar bawon kwakwa, suka shafe ƙasansa da kitsen akuya da aka kwaɓa da farar ƙasa, suka sa masa suna Jewel of Muscat. Tsawonsa mita 18. Ya tashi daga Oman ranar 16 ga Fabrairu 2010, ya yada zango a Indiya da Siri Lanka da Malesiya, ya isa Singafo ranar 3 ga Yuli, ba inji. Ku tuna kuma, matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, a irin wannan ɗinkakken jirgi ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda a 1183, ya bayyana yadda ake ɗinka shi. Kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa, in sun isa Sawakin a Sudan, jirgin filafili na katako ne ke ƙetarar da su. To kun ga ruwanmu da shi.

Abin da nake so ku riƙe a laccar nan shi ne, wanda ya bi tsarin da maƙeran asali suka bi, mataki bayan mataki, zai gama yana da ilimin da ba a samu a kallon hoto. Wanda kuwa ya samo guntun itace ya fafe shi ya kafa masa tsinke, ya yi abin ado, ba laifi, amma bai koyi jirgi ba.

Farkon aiki ma'auni. Mu ɗauki ɗaya bisa 30. Mita 18 santimita 1,800 ke nan, in ka raba da 30 ka sami santimita 60. Daga nan duk abin da za ka taɓa sai ka raba shi da 30. A ce katakon jikin jirgin kaurinsa santimita 4 ne, naka zai zama milimita ɗaya da 'yan kai. A nan ne yawancin masu farawa ke ɓata aiki: jikin jirgi ya yi daidai, amma igiyar da suka ɗaura, in aka mayar da ita girman gaske, ta kai kaurin cinyar mutum. Ido yana ganin wannan nan take ko da mai kallo bai san abin da ya dame shi ba. Zanen jirgi kuma fuska uku ne, na gefe, na sama, da na yanka-yankan cikinsa daga goshi zuwa baya. Na ukun nan shi ne ke ba ka siffar cikin jirgi, ka kai shi wurin masu fotokwafi su daidaita maka shi da ma'auninka, ka sa rula ka tabbatar kafin ka bar shagon.

Itace kuma, kada ku ce tun da asalin na kawo ne sai ku yi da kawo. Yana da tauri, kuma idan aka fere shi siriri karyewa yake yi. Madaci ma ƙofofin jikinsa manya ne, a ƙaramin jirgi sai su yi kamar ramuka. Turawa suna son itacen da tsokarsa ke da laushi da santsi. Mu a nan obece ya wadatar, yana yankuwa da reza, yana lanƙwasuwa, yana karɓar launi. Ka roƙi mai injin yanka ya tsaga maka shi siriri iyakar iyawarsa, sauran ka ƙarasa da samfefa. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifi ko reza, ƙaramin zarto, rular ƙarfe, samfefa mai kaushi da mai laushi, matsefata, allurai, abin maƙale shanya don riƙe katako, da farin gam na kafinta. Gam ɗin nan mai kamawa nan take ku yi hattara da shi, yana barin tabo mai ƙyalli, launi kuma ba ya hawa kansa.

Yanzu ga inda aikin yake. Jiragen Turawa na baya-bayan nan, haƙarƙari ake fara kafawa a kan ƙashin bayan jirgi, sannan a rufe da katako. Ɗinkakken jirgin Larabawa akasin haka ne. Fatar ake fara ginawa, katako kan katako, maƙeri yana daidaita siffa da idonsa, sai daga baya a shigar da haƙarƙarin a ɗaure su. Kai da ba ka da wannan idon tukuna, sai ka yi dabara: ka yanka siffofin cikin jirgi a filawud ko kwali mai kauri, ka jera su a kife a kan miƙaƙƙen allo, ka ɗora ƙashin baya a kansu. Ka shafa wa gefensu kyandir don kada gam ya kama su, domin in fata ta haɗu cire su za ka yi. Kafin ka sa katako ko ɗaya, ka ɗauki siririn tsinke mai lanƙwasuwa ka kwantar da shi a kan siffofin nan. Duk inda ya yi tsalle ko ya bar rata, ka goge ko ka cike. Wannan matakin yana da gundura, kuma rabin kyan jirgi a nan yake.

Sai ka lura cikin jirgi ya fi faɗi a tsakiya, ya tsuke a goshi da baya, amma yawan katakon ɗaya ne. Ke nan kowane katako dole ya yi faɗi a tsakiya ya sirance a bakinsa biyu. Ka yanki siririyar takarda ka auna zagayen kowace siffa daga ƙashin baya zuwa baki. A ce ta tsakiya ta ba ka milimita 120, kana son katako 12, kowanne milimita 10 ke nan. Ta kusa da goshi in ta ba ka 72, a wurin kowane katako milimita 6 zai zama. Ka sa alama, ka haɗa alamomin da rula, ka fere. Wanda ya ƙi yin wannan lissafin, zai kai rabin jiki ya tarar katakai sun cushe a goshi, tsakiya kuma ga rami a buɗe.

Lanƙwasawa da ruwan zafi ake yi. Ka jiƙa katakon, ka ɗora shi a kan ƙarfe mai ɗumi kana tausa shi a hankali, sannan ka maƙale shi a mazauninsa ya kwana ya bushe. Kada ka sa gam a jiƙaƙƙen katako, in ya bushe zai tsuke ya bar tsaga. Kuma in ka sa ɗaya a dama, na gaba ka sa shi a hagu. In ka gama gefe guda kafin ka taɓa ɗayan, ƙarfin katakan zai ja ƙashin baya ya karkace, babu gyara kuma.

Ɗinkin shi ne abin da ya fi cin rai, shi ne kuma abin da na fi so. A ce tazarar huji a babban jirgi santimita 6 ce, taka milimita 2 ke nan, layi biyu, ɗaya a bakin wannan katako ɗaya a bakin wancan. Da allura za ka huda, ka kafa ta a guntun itace ta zama basilla. A babban jirgi, ana shimfiɗa damin zaren kwakwa a kan haɗin katakai, sai ɗinki ya hau kansa ya giggitta ya matse shi, in ruwa ya taɓa shi ya kumbura ya toshe kafa. Kai sai ka shimfiɗa zare mai ɗan kauri, ka ɗinka a kansa da siririn zare ruwan ƙasa wanda ka ja a cikin kakin zuma don ya kwantar da gashinsa. Huji dubbai ne. Kada ka ce za ka gama a zama ɗaya, layi guda a yini ya isa, da hasken rana. A nan hannunka zai gane abin da ya sa magabata suka yarda da irin wannan jirgi: jikin yana da ɗan sassauci, yana ba da kai idan an matsa shi maimakon ya tsage. Za ka kuma gane wahalarsa, domin zare yana cinyewa, dole a riƙa sabunta ɗinki.

Filafili da igiyoyi ba zan daɗe a kansu ba. Jigo biyu ne, filafilan masu kusurwa huɗu. Ka nemi yadi mafi siriri na auduga, ka jiƙa shi a ruwan shayi ya kashe farinsa. Igiyoyi kuma kowace ka san aikinta kafin ka ɗaura ta: wannan tana riƙe jigo, wannan tana ɗaga filafili, wannan tana juya shi. Wadda ba ka san inda ta nufa ba, ka bar ta.

Akwai abin da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba, wato yanayinmu. Katakon da ka haɗa da damina ya sha laima, hunturu na zuwa zai tsuke, haɗi ya buɗe. Ka ajiye itacenka a ɗakin da za ka yi aiki ya daɗe yana shan iskar wurin, kuma ya fi kyau ka rufe jikin jirgi da rani. In ka gama ka shafa masa mai ko siririn baranis ciki da waje. Ƙura da gara kuma ba sa jira, saboda haka kuɗin akwatin gilashi ka sa shi cikin lissafi tun farko.

An miƙo tambayoyi biyu. Ta farko daga wani ɗalibi, yana tambaya ko wannan bai shiga hukuncin sassaƙa gumaka ba. Ɗana, abin da malamai suka yi magana a kai shi ne surar mai rai. Jirgi ba shi da rai, kamar gida ne ko mota. Wasu jiragen Turawa suna da mutum-mutumi a goshi, wanda ransa bai kwanta ba ya bar wannan ɓangaren, ɗinkakken jirgin da muka yi magana a kai ma ba ya buƙatarsa. In kana son ƙarin natsuwa ka tambayi malaminka.

Ta biyu daga Baba mai rumfa a layin 'yan katako, yana cewa da me yaro zai fara. Baba, Allah ya ƙara girma, kada ya fara da wannan. Ya fara da kwalekwale mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, tsawon taƙi ɗaya, katako uku a kowane gefe. A nan zai koyi awo da ferewa da lanƙwasawa ba tare da ya karaya ba. Guntayen obecen da kuke sharewa da yamma sun ishe shi, in kun tara masa su a kwali. Shugaba yana nuna mini agogo, lokacin sallah ya gabato. Na gode, Allah ya saka da alheri. Wassalamu alaikum.