Jawabin shugaban kwamitin ilimi a taron wata-wata, Agege

Ranka ya daɗe shugaba, a yi mini uzuri in ajiye rahoton kwamiti tukuna, domin abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba ya cikin takarda. Ɗan'uwanmu direban nan har yau yana tsare a ƙetaren iyakar Seme, cikin ƙasar Benin. Kullum maiɗakinsa sai ta aiko yaro shagona ya tambaya ko da labari. A cikin wannan hali kuma yaranmu biyu masu karatun lauya suka kawo takardar kuɗin makaranta, na buɗe littafin asusun ilimi na tarar da shi wayam.

Na ji abin da ake faɗa a kasuwar Mile 12 kan karatun yaran nan, wai me dokar ƙasa da ƙasa za ta tsinana wa mai sayar da tumatir da albasa. To ku saurara. Ita ce dokar da ke tsara zaman ƙasa da ƙasa, da ƙungiyoyin da ƙasashe suka kafa, irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da ECOWAS. Babu wata majalisa guda da ke zama ta rubuta ta. Tana fitowa ne daga yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu, da al'adar da suka daɗe suna bi har suka ɗauke ta wajibi, da manyan ƙa'idojin shari'a da kowa ya yarda da su. Rigimar bashi tsakanin ɗan kasuwar Alaba da abokin cinikinsa na Dubai wani fanni ne daban. Amma iyaka tana cikinta, teku yana cikinta, haka yaƙi da sulhu, jakadu, 'yan gudun hijira, da haƙƙin ɗan Adam.

Ɗan'uwanmu da ke kulle ma yana cikinta, jama'a! Mu dattawa mun yi ta zarya, muna bin 'yan kamasho, kuɗi na zurarewa ba biyan buƙata. Ƙaramin cikin yaran nan ne ya zauna a kan bencin shagona, ya ɗora takarda a gwiwa, ya rubuta wa ofishin jakadancinmu wasiƙa. Ya ce akwai yarjejeniyar Vienna ta 1963, sashe na 36: duk baƙon da aka kama, wajibi ne a gaya masa yana da 'yancin a sanar da jakadancin ƙasarsa, su kuma suna da damar ziyartarsa su nema masa lauya. Wallahi da na ji yana jero wannan da bakinsa sai da ƙwalla ta cika mini ido. Ɗanmu ne fa, nan ya tashi yana tallan ruwa. Shi ne yau za mu bari a koro daga aji?

Ya kuma faɗa mini cewa kotun duniya da ke birnin Heg ƙasashe kaɗai take saurare, amma kotun ECOWAS da ke Abuja talaka na iya kai ƙarar gwamnati gabanta in an tauye masa haƙƙi. A 2008 wata baiwar Allah 'yar Nijar ta kai ƙarar ƙasarta kan bauta, ta yi nasara.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, ku wannan magana ta fi shafa. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba mu damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice. An ce a ci gaba da zirga-zirga kafin a ga abin da hali zai yi. Ranar da aka sauya, wa zai karanta mana takardar? Wa zai tsaya wa mai shanun da aka tare a hanya?

Kun tuna Bakasi, yankin da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa. Ranar 10 ga Oktoban 2002 alƙalai suka yanke hukunci a Heg, a 2008 aka miƙa yankin ga Kamaru, Darak ta tafkin Chadi ma inda mutanenmu ke kamun kifi ta tafi tun kafin nan. Mutanen garin nan na Legas kuwa ɗansu Taslim Elias ya shugabanci wannan kotu daga 1982 zuwa 1985. Mu namu biyu kacal, mun kasa riƙe su.

Na san kasuwa ba daɗi. Ni ma idan damina ta sauka a nan, raina yana can gonar gidanmu a Funtuwa. Amma kuɗin motar Sallah ba ya gagarar mu, ankon biki ba ya gagarar mu. Don Allah, don Annabi, duk wanda ake bi kuɗin wata ya biya yau, ko rabi ne. Wanda Allah ya hore wa ya ƙara, a raba biyu: makarantar yara da cefanen gidan ɗan'uwanmu.

Sauran rahoton a taƙaice: an gyara rufin Islamiyya, an sayi tabarmi, malamin dare ya dawo, ƙarin bayani yana wurin sakatare. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi. Ina kuma neman mutum biyu masu fasfo a hannu da za su raka yaron da ya rubuta wasiƙar zuwa Seme ranar Litinin, su same ni bayan sallar la'asar.