In Ruwan Gwanjo Ya Ɗauke

RABI: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Rabi ce, ga Auwalu a gefena, yau kuma mun yi babban kamu, don a hanyar gona muka tare Kawu Ilu. Kawu, sannu da aiki.

KAWU ILU: Yawwa, sannunku dai. Amma ku yi da jiki, riɗina na can a jingine, in na bar shi tsuntsaye da iska su raba.

AUWALU: Ba za mu riƙe ka ba, Kawu. Maganar da ta cika mana waya ce tun makon jiya. Kowa ya turo saƙon murya kuka ɗaya yake yi, wai gwanjo ya ɗauke. Ka je kasuwa ka duƙa tun hantsi har bayanka ya ƙage, ka tashi hannu rabbana.

RABI: Ni ba labari aka ba ni ba. Alhamis uku a jere ina shiga Maigatari, na kuma leƙa Gumel sau ɗaya. Suwaita nake nema wa Ummi da tagwaye, don sanyin asuba ya fara shigowa, Hassan kuma ƙirjinsa ba ya son sanyi. Abin da nake ɗagowa, wannan wuya ya saki, wannan zif ya mutu, wannan in ka ɗaga shi a rana kana hango mutumin da ke bayansa. A zuwa na huɗu sai zuciyata ta ce, yanzu kuɗin motar nan duk ya tafi a banza ke nan? Na sayi wata jaket don kawai kada in shiga gida ba komai. Ko mutum ɗaya ba ta yi wa ba a cikin yaran. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba, don kuɗin ƙulin da na soya ne.

KAWU ILU: To tsaya nan, Rabi. Kin ce sau huɗu kika je kasuwa. Ni kuma na ce miki tari ɗaya kika gani sau huɗu.

RABI: Kamar yaya, Kawu?

KAWU ILU: Ai kun san na yi sana'ar nan kafin gwiwa ta mayar da ni gona. Ɗan gwanjon ƙauye ba rumfa ɗaya gare shi ba, bin kasuwanni yake yi. Abin da ya shimfiɗa ranar Alhamis, in bai tafi ba, shi zai ƙulle a buhu ya kai kasuwar da ke ci gaba, ya zago ya dawo da shi wata Alhamis ɗin. Duk zagayen da aka yi, an tsince na kirkin ciki, saura kwantai. In bai saro sabo ba, ko sau goma kika je kwantan nan ne zai tare ki, sai dai ya juya na ƙasa ya koma sama.

AUWALU: To me ya hana shi saro sabo?

KAWU ILU: Kuɗi mana, ɗan nan! Ɗan gwanjo da manomi akushi ɗaya suke ci. Tun daga faɗuwar damina kuɗin kowa ya shige taki da noma, ba mai sayen riga. Jarinsa na kwance a cikin buhu. Sai an kai riɗi da zoɓo da wake kasuwa, kuɗi ya zaga, sannan shi ma ya kama hanyar Kano. Yanzu muna tsakiyar wannan gaɓar ce, kaka ta shigo amma kuɗinta bai gama shiga aljihu ba. Kamar dai ruwa ya ɗauke bayan shuka. Ba damina ce ta ƙare ba.

Sannan ku san tafiyar da dila, wato babban ƙunshin kayan gwanjo, take yi kafin ta iso mu. A dokar ƙasar nan an hana shigo da kayan gwanjo, yana cikin jerin abin da kwastam ta haramta. Shi ya sa jirgin ruwa yake sauke shi a Kwatano ko Lome, daga nan ya biyo ta ƙasa, wani ta Nijar, ta wajen Maraɗi. Duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa rigar ɗanki. Kun tuna da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020? Aka zo aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Mu da muke bakin iyaka ai a tukunyarmu muka gani.

RABI: Maigatari ta yi tsit a lokacin nan kam.

KAWU ILU: Ga kuma canji. Mai sarin dila da sefa yake biya, sefa kuma dala da yuro take kallo. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya bi. To wanda ya saba ɗaukar dila mai lamba ɗaya, sai ya koma lamba biyu, don ya san mutanen ƙauye ba za su iya farashin ba. Wani ma ba ya ɗaukar dila sam, tsinta yake yi.

AUWALU: Wannan tsintar nake so ka yi bayani, don ni ban—

KAWU ILU: Ina zuwa. Ka taɓa ganin an fasa dila a Ƙofar Wambai? Abu ne an matse shi da inji, an ɗaure da ƙarfe, wata kilo 45, wata 55, wata har 100. Da an datse ƙarfen nan sai ta kumbura, warin nan nasa ya tashi. Kafin ka ƙifta ido hannu goma ya shiga. Masu shaguna a birni su ne 'yan zaɓen farko, suna biya da tsada su kwashe na gani na faɗa. Yanzu kuma ga yaran nan masu ɗaukar hoto su sa a WhatsApp da TikTok, su ma tun da sassafe suke tsaye a kai. Bayan su sai zaɓe na biyu. Abin da ya rage shi ake tarawa a sallamar a dunƙule, shi ne yake hawa mota ya taho mana. Ga shi kayan da kansu sun canza. Wandon da nake fasawa a da, yadinsa kamar buhu, ɗa ya sa ƙani ya gada. Yanzu can Turai ɗin ma tufa mai araha suke saye, su sa sau kaɗan su yar. Abin da aka ɗinka don ya mutu da wuri, ya riga ya yi rabin rayuwarsa kafin ya hau jirgi.

AUWALU: Amma Kawu, har yanzu ana tsintar abu a aljihu?

RABI: Auwalu, kar ka fara.

AUWALU: A'a, masu sauraro ba su san labarin 'Yar Landan ba.

KAWU ILU: (dariya) Allah ya jiƙan Inna. Ai ni na kawo mata kwat ɗin nan, mai kauri, na ce ta riƙa rufa da asuba. Ta tafasa ruwa ta jiƙa shi kamar yadda ake yi, tana cuɗawa sai ta ji abu a aljihun ciki. Ta zaro, ga takardar kuɗi da hoton Sarauniyar Ingila, ta jiƙe sharkaf. Ta ce bari ta shanya ta a kan turmi kafin in dawo.

RABI: Ta ɗora tsakuwa a kai fa, don iska.

KAWU ILU: Ta ɗora tsakuwa. Iska ba ta ɗauka ba. Jar akuyar nan ce ta zo ta ture tsakuwar da hanci, ta lamushe.

AUWALU: Inna ta biyo ta da muciya har bakin rijiya!

KAWU ILU: Tana cewa tofo, tofo, 'yar nema! Akuya kuwa ta tsaya tana tuƙa tana kallonta.

RABI: Daga ranar ta zama 'Yar Landan. Har mai unguwa haka yake kiranta.

AUWALU: Da ta haihu kuma aka sa wa ɗan bunsurun Fam.

KAWU ILU: Fam da Sule, tagwaye ta yi. Da aka kai Fam kasuwa, dillali ya taya, Inna ta ce albarka, ai wannan uwarsa kuɗin waje ta ci.

AUWALU: Kuma wai tun daga nan ba ta ƙara cin dusa ba sai an tankaɗe.

RABI: Wannan kai ka ƙara, Auwalu.

AUWALU: Jikokinta na nan gidan Baba Ƙarami, ki je ki gani, tafiyarsu ma daban ce.

RABI: To, to. Mun ci minti nawa a kan akuya. Kawu, mutane tambaya suka yi: in an shiga irin wannan lokaci, me za a yi?

KAWU ILU: Na farko dai abin da ya same ki. Ranar da mutum ya ce ba zan koma gida haka ba, ranar ce ake sayar masa da kwantai. Mun san fuskar, wallahi. Mutum ya zaga sau biyu, ya dawo ya tsaya yana juya riga ɗaya, to ya gaji, ko me ka miƙa masa zai karɓa. Kuɗin mota ya riga ya tafi, kar ka aika kuɗin riga ya bi shi. Ki ƙulle abinki a bakin zane ki koma gida, ba abin kunya ba ne.

Kuma ki daina zuwa da ƙiyasi. Ki samu zare ki auna kafaɗar yaro da tsawon hannunsa, ki ƙulla, kowane yaro da zarensa. A gaban tari ido yana ruɗuwa, zare ba ya ruɗuwa.

RABI: Wannan kam da na yi shi da jaket ɗin nan ba ta biyo ni ba.

KAWU ILU: Sannan ki riƙe mutum ɗaya. Ba dole sai mai araha ba, mai gaskiya. Ki gaishe shi ko ba ki saya ba, ki tambayi iyali, ki faɗa masa abin da kike nema. Ki tambaye shi kai tsaye, yaushe za ka shiga Kano? Zai faɗa miki. Ranar da ya dawo da sabon kaya ki riga rana isa. Ni akwai matan da nake ware wa kayan yara tun a mota, ban taɓa shimfiɗa su a ƙasa ba, don na san masu su. Zuwa ɗaya a ranar da ta dace ya fi zuwa huɗu a makance.

AUWALU: Ni fa Kawu ina ganin in abu ya ƙi, a haƙura da gwanjon kawai. Ga sababbin kayan Sin nan a leda, farashin ba nisa.

KAWU ILU: Na yaron da zai je gidan suna, saya. Na sanyi kuwa ban yarda ba. Wanki uku ya zama tsumma.

AUWALU: Ba duka ba. Rigar da na saya da ƙaramar salla har yau tana nan.

KAWU ILU: Sau nawa ka sa ta ka je gona?

AUWALU: To ai ba ta gona ba ce.

RABI: Ni a nan ina bayan Kawu, amma da gyara. Uwa ba za ta zauna jiran dila ba yaro yana tari da dare. Abin da na yi bayan na huce, na zazzage tsohuwar jakar kayan sanyin bara. Ta Ummi ta yi wa Hassan, zif ne kawai ya lalace, na kai wa tela ya sa sabo. Wata mai huji a gwiwar hannu na yanko daga jaket ɗin da na sayo na yi mata maho, har ta fi da ƙarfi. Wadda ta koɗe na ba mai rini. Yara biyu sun rufu ke nan, saura Ummi, ita kuma zan iya jira mata mako biyu.

KAWU ILU: Kin ga sana'a. Kuma baɗi kar ki jira sanyi. Kayan sanyi a bazara ake sayensu, watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafi ya sa ko kallonsu ba a son yi. A lokacin mai kaya neman kai yake da su, don kar su kwana masa har wata shekara. Ki ɗauki wanda ya ɗan fi yaron, ki wanke da ruwan zafi, ki shanya ya sha rana sosai, ki ninke ki ajiye. Ranar da hunturu ya buso kowa ya ruga kasuwa, farashi ya tashi, ke kina ɗaki.

RABI: A bazara kuma kuɗin ne babu, Kawu.

KAWU ILU: Shi ya sa za ki cire shi yanzu da kaka. Ko kwasar adashi ɗaya ki sa mata suna, ki ce wannan ta gwanjon bazara ce, ko biki ya taso ba a taɓa ta. Gwanjo rufin asirin talaka ne, ni ban taɓa jin kunyar sayar da shi ba, ban kuma son in ga ana—

AUWALU: Kawu, yi haƙuri, waya ta nuna ja, kuma mai caji ya rufe tun azahar.

RABI: Kai! Ga shi mun ce za mu karanta saƙon baiwar Allahn nan ta wajen Ɓaɓura mai tambayar takalman makaranta, kuma akwai abubuwa uku da na rubuta za mu rufe da su.

KAWU ILU: Takalmi ai zancensa daban ne, shi ƙasansa ake fara lanƙwasawa a gani ko ya bushe. Ku bar shi sai wani makon. Ga kiran la'asar ma, ni na tafi wajen riɗina.

RABI: To jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wanda ya ji an fasa sabuwar dila ta yara a kusa, don Allah ya turo mana, Ummi na jira. Auwalu, kashe kafin ta mutu ba mu adana ba.