Haifotalamas: Abin da Ke Faruwa a Jiki Idan Gaba Ya Faɗi

Manomi yana huɗa a gonarsa a bayan garin Gusau, sai ya jiyo rugugin babura daga nesa. Tun kafin ya tantance ko 'yan kasuwa ne ko waɗanda ake gudu, gabansa ya faɗi, zuciyarsa ta shiga dukan uku-uku, bakinsa ya bushe, gumi ya keto masa. Bahaushe yakan ɗora wannan duka a kan zuciya, amma umarnin ya fito ne daga wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas, wanda girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba, nauyinsa kuma kusan giram 4 ne.

Aikinsa na kullum shi ne daidaita jiki. Shi ke riƙe ɗumin jiki a kan digiri 37, ko da zafin bazara ya haura 40, ta hanyar sa mutum gumi. Idan mai azumi ya kai la'asar ruwan jikinsa ya ragu, shi ke tayar da ƙishirwa, ya kuma samar da sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, dalilin da ya sa fitsari ke raguwa ya yi duhu ke nan. Yunwa da barci da zubowar nonon mai shayarwa duk suna ƙarƙashinsa.

Mu koma wajen manomin nan. Da zarar sashen ƙwaƙwalwa mai gane haɗari, wato amigdala, ya kai rahoto, haifotalamas yakan aika saƙo ta hanyoyi biyu. Na farko yana bin jijiyoyi zuwa wasu ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarin adirinalin cikin daƙiƙoƙi, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya karkata zuwa tsokoki domin gudu ko kare kai. Na biyu yana bin jini, ya fi jinkiri: haifotalamas ya zaburar da ƙullutun fituwitari da ke rataye a ƙarƙashinsa, shi kuma ya umarci waɗancan ƙullutai su saki sinadarin kotizol, wanda ke ƙara sukari a jini, ya jingine ayyukan da ba na gaggawa ba. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Hess, ya nuna ƙarfin wannan wuri lokacin da ya taɓa shi da ɗan lantarki a kan kyanwa, sai gashinta ya mimmiƙe tana huci alhali ba abin da ya tsokane ta. Binciken ya ba shi kyautar Nobel a 1949.

Idan babura suka wuce lafiya, kotizol ɗin da kansa ke komawa ƙwaƙwalwa ya taka wa tsarin birki. Matsalar tana ga wanda fargabarsa ba ta wucewa, kamar mutanen ƙauyukan Zamfara da ke barci kunne a waje, ko matar da ta baro gidanta da 'ya'ya tana raɓe a gidan dangi, ko magidancin da bashi ya yi wa katutu. A jikin irin waɗannan birkin yakan yi rauni, saƙon ya yi ta maimaituwa wata da watanni. Daga nan barci ya gagara, jini ya hau, sukari ya ƙi daidaita, garkuwar jiki ta yi sanyi, wasu mata ma al'adarsu ta rikice, domin haifotalamas ɗin ne ke tsara sinadaran haihuwa.

Saboda haka kuskure ne a ce wa mai irin wannan koke tunani ne kawai ke damunsa a sallame shi, tunda tunanin yana da hanyar da yake bi ya taɓa jijiyoyin jini. Numfashi mai tsawo a hankali yana rage bugun zuciya, isasshen barci da hira da wanda aka yarda da shi suna taimakawa. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama, don haka wanda ya daɗe cikin zulumi ya je asibiti mafi kusa a auna shi, ko da yana jin lafiyarsa lau.