Me Ya Kai Mu Auna Idon Doki Lafiyayye?

Laccar da wani likitan dabbobi ya gabatar ga masu dawaki da 'yan barga a Argungu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shamaki, iyayena da yayyena, sannunku da zuwa.

Jiya wani dattijo ya tsare ni a bakin turke, ya ce, "Likita, dokina ƙalau yake, me za ka auna?" Baba, ai saboda ƙalau ɗin nake son sa.

Ku tsaya gefen doki ku dubi idonsa. Tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, shi muke kira koniya. Babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa haske ke wucewa. Na doki ba zagayayye ba ne, faɗinsa ya kai kamar milimita 33, tsayinsa kamar 26. Kaurinsa a tsakiya kuwa kamar milimita 0.8, ko milimita ɗaya bai cika ba. Wannan ɗan abu shi ke tsakanin ingarmanka da makanta.

Awon kaurin ba wuya. A yi wa doki allurar kwantar da hankali, a ɗiga maganin kashe zafi, a taɓa idon da kan na'ura mai kama da biro. Sauti take aikawa, ya dawo, lamba ta fito.

To ga inda nake so ku saurara. In ƙaiƙayi ko tsinken harawa ya karce tantanin, ruwa na shiga, ya kumbura, ya yi hazo-hazo. In ban san kaurinsa na asali ba, da me zan gane ya ƙaru? Yawancin alƙaluman littattafanmu daga dawakin Turai da Amurka aka samo su, waɗanda ba su san ƙurar hunturun Kabi ba. Wallahi abin na damuna.

Kuma don Allah, in kun ga doki na runtse ido yana hawaye, kada a sa tozali, kada a sayo maganin ɗigawa na mutane. Wani yana da sinadarin sitiroyid, in akwai gyambo sai ya zurfafa, naman gwari ya samu wurin zama, ƙarshenta hakiya ko a rasa idon. Muna da wani rini, in an ɗiga, gyambon kan fito kore shar.

Bayan hawan Sallah, in dawaki sun huta, za mu bi barga-barga mu auna idanunsu. Wanda ya yarda ya ba da sunansa wurin Shamaki kafin mu tashi.