Idan Rediyoloji Bai Samu Ba, Wane Fanni Za Ka Iya Rayuwa a Cikinsa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanku da war haka. Yau na kunna kyamarar nan raina a ɓace, kuma zan gaya muku dalili. Wani ƙanena a harkar karatu, ɗalibin likitanci da ke shekararsa ta ƙarshe a nan Amurka, ya kira ni yana neman shawara a kan gurbin horon ƙwarewa a rediyoloji, fannin da muke karanta hotunan jikin majiyyata. Da na tambaye shi fannin da ya tanada idan wannan bai samu ba, sai ya ce wani babba ya shawarce shi da ya cika kowanne ma, tunda ai na ko-ta-kwana ne. Maganar ta tsaya mini a rai, domin wannan na ko-ta-kwana ɗin shi ne aikin da mutum zai iya wayar gari yana yi har tsufansa.

Saboda masu kallona daga gida, ga yadda tsarin yake. A watan Satumba ɗalibi yake tura takardunsa ta manhajar ERAS, asibitocin da ya kwanta musu su kira shi ganawa tsakanin Oktoba da Janairu, sannan ya jera su bisa yadda yake son su, su ma su jera masu nema, kwamfutar hukumar NRMP ta haɗa kowa da wurinsa, wannan haɗin shi ake kira Match. A watan Maris, ranar Litinin ta makon Match ake sanar da kai ko ka samu, ranar Juma'a kuma a faɗa maka inda ka samu. Abin da wancan babban bai gaya wa yaron ba shi ne, duk wurin da ka sa a jerinka alkawari ka ɗauka. Idan kwamfuta ta ajiye ka a can dole ka je, kuma wanda ya ƙi zuwa ba tare da izini ba ana iya hana shi shiga Match na wasu shekaru.

Ba na cewa kada a tanadi fanni na biyu. Guraben rediyoloji a duk faɗin ƙasar 1,000 ne da ɗoriya a shekara, alhali fannin cututtukan manya, wato intanal medisin, yana da wajen 10,000. A 2016 Geoffrey Hinton, babban masanin fasahar AI, ya ce a daina horar da likitocin hoto domin kwamfuta ta kusa karɓe aikin, amma ga shi yau hotuna sun yi wa masu karanta su yawa, ɗalibai kuma suna rububin fannin. Tun Janairun 2022 da aka daina ba da maki a Step 1, jarrabawar farko ta neman lasisin likita a Amurka, aka koma ci ko faɗuwa, nauyin ya koma kan jarrabawa ta biyu, wato Step 2 CK, kuma mu da muka yi digiri a wajen Amurka sai makinmu ya fi na ɗan ƙasa kafin a waiwaye mu. Na samu gurbin, alhamdu lillahi, kuma ina alfahari da hakan, amma da fanni na biyu a hannuna na shiga.

Fatoloji na zaɓa, kuma na zaɓe shi ne bayan na tambayi kaina abin da nake so a rediyoloji. Ina son ɗakin nan mai duhu da allunan kwamfuta a gabana, abin ɗaukar magana a hannun hagu, ɗan yatsan dama yana juya hoton CT yanki bayan yanki, har idona ya tsaya a kan wani ɗan ƙulli a huhu wanda bai kai ƙwayar wake ba, in ɗauko hoton bara in gwada ko ya girma. Da na zauna da likitocin fatoloji sai na tarar aikinsu ɗan'uwan wannan ne. Ana yanka naman da aka ciro siriri, a rina shi ja-ja da shuɗi-shuɗi, a ɗora a gilashi, likita ya duba ƙwayoyin halitta ya ce wannan kansa ce, wannan kuma ba ita ba ce. Ƙullin da na nuna a hoto, likitan fatoloji ne yake tabbatar da sunansa. Horonsa shekara 4 ne, na rediyoloji kuma 5 idan an haɗa da shekarar farko. Na san da can aka ajiye ni, da zan tashi kowace safiya in tafi aiki da zuciya ɗaya.

Yawancin ɗalibai intanal medisin suke sawa saboda yawan gurabensa, kuma fanni ne mai daraja, shekara 3, wanda daga shi ake wucewa likitancin zuciya ko na ƙoda. Sai dai ina gargaɗinku da ku kalli ranar aikinsa da idon basira: zagayen gadaje tun da sassafe, waya tana ƙara ba ƙaƙƙautawa, iyalan majiyyaci suna jiran bayani a bakin ƙofa, ga takardun sallama da ba sa ƙarewa. Wanda wannan hulɗar take faranta wa rai ya dace. Wanda kuwa ya nufi rediyoloji don ya fi son nazari a natse, to ya yi tunani sosai. Fannin sa barci a tiyata ma ana yawan ambatarsa, amma shi kansa yanzu rububinsa ake yi, don haka ba mafaka ba ne.

Akwai tsoron da nake so in cire muku. Wasu suna ganin idan suka sa rediyoloji a sama, za su rasa wurin da suka ajiye a ƙasa. Lissafin da Match yake aiki da shi, wanda Alvin Roth ya taimaka wajen sake fasalinsa, kuma ya sami kyautar Nobel a 2012 tare da Lloyd Shapley a kan irin wannan aiki, yana fara gwada ka ne a zaɓinka na farko, idan bai yiwu ba ya sauko na gaba, ba tare da matsayinka a wurin na ƙasa ya ragu ba. Ku jera bisa son ranku na gaskiya.

Wahalar tana wajen shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane fanni yana bukatar takardar bayanin kai daban da wasiƙun shaida daga likitocinsa, kuma wasiƙa 4 kaɗai ake tura wa kowane asibiti. Shugaban horon fatoloji da ya ga duk wasiƙunka daga likitocin hoto suke, nan take zai gane ba shi ka zo nema ba. Ku kuma yi hattara da neman fanni biyu a asibiti guda, domin shugabannin suna haɗuwa suna hira. Kuɗi ma yana tafiya, tunda a kakar 2025 dala 11 aka biya a kan kowace takarda har 30 a fanni guda, daga nan ta koma dala 30, ga shi kuma yawancin guraben rediyoloji daga shekara ta biyu suke farawa, sai ka nemi shekarar farko ta horon gama-gari daban ka biya nata.

Wannan shekarar farkon ita ce tarkon da ya fi ba ni tsoro. Wasu suna mayar da ita abin ko-ta-kwana, suna cewa za su sake nema baɗi, amma wata 12 ne kawai, bayansa babu wanda ya yi maka alkawarin komai, kuma za ka sake neman ne kana tsakiyar aikin dare. Masu cewa za su shiga intanal medisin sannan su sauya ma su sani cewa kuɗin da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, take ba asibiti don horar da likita an ɗaure shi ne da tsawon fannin da ya fara, bayan wannan wa'adi kason yana raguwa, kuma wasu asibitoci suna duba haka kafin su ɗauki mai sauya fanni.

Mu baƙi muna da ƙarin lissafi. Bizar J-1, wadda baƙi da dama suke yin horo da ita, tana wajabta komawa gida na shekara 2 bayan horo, sai dai idan mutum ya sami sassauci irin na shirin Conrad 30, wanda yake ba kowace jiha guraben likitoci 30 a shekara, a yi aikin shekara 3 a inda ake ƙarancin likitoci, kuma jihohi da dama sun fi ba likitocin iyali da na intanal medisin fifiko. Ni komawa gida ba ta ba ni tsoro, kewar iyayena ma takan hana ni barci wani lokaci, kuma ina yawan tunanin majiyyatanmu da ake ɗauka hoto su yi ta jiran mai karanta shi. Amma kowa ya san nasa nufin tun kafin ya zaɓi fanni.

Wanda kuma yake cewa zai bari sai makon Match ya ga abin da ya rage a zagayen SOAP, inda waɗanda ba su samu ba suke neman guraben da ba a cike ba, ya sani cewa takarda 45 kaɗai ake ba shi damar turawa, idan tayi ya zo awa 2 gare shi ya amsa, kuma da wuya ya tarar da gurbin rediyoloji a ciki. A bidiyo na gaba zan yi bayanin yadda ake neman wasiƙun shaida na fanni biyu ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba. Na bar ku lafiya.